Direban Ethernet a U-Boot na 2016: in ci gaba da faci ko in ƙaura?

Ɗan Jekadafari:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da U-Boot, wato butloda, manhajar farko da ke tashi in an kunna allo ta ta da Linux, musamman ɓangaren Ethernet, wato sadarwa ta kebul.

Muna haɗa wata 'yar na'ura a nan Gombe mai lura da famfunan burtsatse na sola. Tana auna ruwan da aka tura da wutar da fanel ke bayarwa, ta aiko mana da rahoto ta layin waya. Mun girka su a wajen Dukku, Kaltungo da hanyar Bajoga. Allon sayo shi muke yi daga waje, furosesa i.MX6ULL ne a kansa, PHY ɗin kuma, wato ƙwayar da ke tsakanin furosesa da kebul, LAN8720A. Wanda ya sayar mana ya haɗo da butlodansa, U-Boot da ya gina a kan v2016.03, a dunƙule cikin fayil guda, babu tarihin git ko na layi ɗaya. Sun yi wa drivers/net/fec_mxc.c, direban Ethernet, wato kod ɗin da ke sarrafa shi, aiki sosai. Adireshin PHY a rubuce yake kai tsaye cikin kod, ga mdelay, umarnin ɗan jira, nan birjik ba wanda ya san dalilinsu.

A ƙauye ba ruwanmu da kebul. A shago ne muke dogara da shi, domin da tftpboot, umarnin janyo fayil ta kebul da tsarin TFTP, muke zuba manhaja a sababbin alluna, da shi kuma muke ceto wanda aka dawo da shi a mace.

Matsalolin biyu ne. Idan aka kunna allo daga sanyi, wato wuta ta ɗauke ta dawo, wani lokacin fitilar haɗi ba ta kamawa sam, ping ya ce ba hanya. In na buga reset a siriyal sai ya tashi lafiya lau kamar ba shi ba. Ta biyu, fayil babba yakan tsaya a tsakiya, ### ɗin nan masu nuna fayil na shigowa su koma T T T, alamar jira ya ƙare ba amsa, har ya haƙura. Abin haushin, ranar da na zauna da allo ɗaya don in kama ta, ba ta zuwa. Sai ranar da aiki ya yi yawa.

Oga ya ce in ƙara mdelay a wuce wurin. Ni kuma zuciyata na kan komawa sabon U-Boot, amma na leƙa fec_mxc.c na yanzu na ga ko kama ba su yi da nawa. To ya ake riƙon irin wannan direba shekara da shekaru ba tare da ya zame wa mutum alaƙaƙai ba?

Baban Khalifa, Bauchi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da ƙoƙari.

Bari in fara da ciwon kafin maganar ƙaura. LAN8720A a tsarin RMII, hanyar da yake magana da furosesa, yana aiki ne da bugun agogo na 50MHz, kuma a alluna da yawa masu i.MX6ULL daga cikin furosesa bugun ke fitowa. Wannan PHY yana son a sake shi daga riset bayan agogon ya riga ya fara bugawa. Idan allonku da 'yar resista da kafasita kawai yake yi masa riset lokacin da wuta ta shigo, to ya farka tun U-Boot bai kunna agogo ba, abin da zai yi daga nan sai yadda hali ya yi. Linux ma sai da suka ware masa tuta ta musamman, PHY_RST_AFTER_CLK_EN, saboda wannan hali nasa. Ranar da ya ƙi tashi, kada ka buga reset. Buga mii info tukuna. Idan lafiya yake za ka ga lambar shaidarsa, in kuma ka karanta rajista ta 2 da mii read za ta ba da 0007. Ka duba kuma a wane adireshi ya amsa, domin ƙafa guda ce ke zaɓar masa 0 ko 1, kuma a daidai lokacin riset yake karanta ta. Tunda mutanenka sun kafe adireshi a kod, in ya farka a ɗayan, direba zai yi ta sallama a gidan da ba kowa. Sai ka bi zanen allon ka gani ko ƙafar riset ɗinsa, nRST, tana zuwa wani GPIO, wato ƙafar furosesa da kod ke iya sarrafawa. In tana zuwa, ka huta.

Yanzu tambayarka ta gaskiya. Dalilin da ka ga fayilolin ba su yi kama ba shi ne naka na tsohon tsari ne, mai struct eth_device da board_eth_init. Simon Glass ya shigo da sabon tsarin direbobi a 2014, aka sa wa direbobin Ethernet wa'adin v2020.07 su koma CONFIG_DM_ETH, daga baya aka share tsohuwar hanyar ɗungurungum. Saboda haka ba wata sabuwar fitowa da za ta karɓi fayil ɗinka yadda yake. A sabon tsari direba yana cika struct eth_ops ne: start, send, recv, free_pkt, stop, da write_hwaddr. Bambancin da ya fi kama mutane yana wajen recv. Da, shi ke miƙa fakiti sama da kansa. Yanzu nuna inda fakitin yake kawai zai yi, ya faɗi tsawonsa, in an gama da shi a kira free_pkt.

Amma ni ban ce ka zauna ka juya direbansu ba. Direban FEC, ɓangaren Ethernet na cikin i.MX6ULL, yana cikin U-Boot na asali, akwai masu kula da shi. Aikinka shi ne ka gano me mutanen nan suka ƙara. Sauko da U-Boot ta git, koma kan v2016.03, zuba fayilolinsu a kai, ka yi git diff a drivers/net da board. Za ka ga yawancin abin da ya fito bayanin allo ne da aka cusa a inda bai dace ba: adireshin PHY, ƙafar riset, tsawon jira. Duk waɗannan yanzu gidansu fayil ɗin dts ne, mai bayanin kayan allo, da phy-reset-gpios, phy-reset-duration da phy-reset-post-delay. Wasu gyare-gyaren za ka tarar an daɗe da yin su a sama, an ma yi su da kyau. Mdelay ɗin kuwa, mafi yawansu rufe ciwon riset ɗin nan suke yi. Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe, in ma akwai, shi ne naka na riƙo, kuma ina zaton ba zai cika tafin hannu ba.

Shawarar oganka ita ce ta mai facin bakin tasha, a liƙa a kan na jiya har tub ya zama faci ya fi roba yawa. Zai kai ka gida yau, ban musa ba.

Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka taɓa a sabon direban sai ka fahimce shi: lissafin kash, ƙaramar ma'ajiyar sauri da ke tsakanin furosesa da RAM. Diskirifta ta FEC, bayanin da ke nuna inda fakiti yake, baiti 8 ce, layin kash na Cortex-A7, zuciyar i.MX6ULL, kuma baiti 64, wato takwas ke kwana a layi guda. In ka rubuta ɗaya ka tura layin zuwa RAM, kana iya take abin da DMA, mai zuba fakiti a RAM ba ta hannun furosesa ba, ya rubuta a sauran bakwai. Shi ya sa direban ba ya mayar da diskiriftocin karɓa ɗaya-ɗaya, sai layin ya cika. Mai karatu da gaggawa zai ɗauka kwana-kwana ce marar amfani ya miƙe ta, daga nan fakiti su fara ɓata.

Mai Sola Kumo:

Baba, a gafarce ni, amma ni ina bayan oga a nan. Ku kuna maganar abin da ya dace, mu kuma mu ne ke hawa mashin zuwa Dukku in na'ura ta mutu. Manhajar sama in ta lalace ana iya sake turawa. Butloda in ya lalace a tsakiyar rubutu, allo ya zama dutse, sai an kwance akwati an kawo shi gari, mutanen ƙauye kuma suna kira ba dare ba rana. Abin da ya shekara yana tashi, me zai sa a tsokano shi? Kuma ba Ethernet kaɗai zai canja ba. Saitin DDR, wato RAM, ma'ajiyar NAND, inda env, saitunan U-Boot, yake zaune, umarnin da ke ta da Linux, duk sai an sake bi. Yaron nan shi kaɗai ne a wurin, ga haɗa alluna ga zuwa gyara. Ya ja ƙafar riset a fayil ɗin allo bayan an kunna agogo, layi biyar, a tsohon nan nasa. Sabon U-Boot ya jira ranar da aka samu sarari.

'Yar Gwallameji:

Sannunku. Ba wanda ya taɓa maganar T T T, kuma ina jin amsar tana cikin tambayar. Malam ya ce da allo ɗaya ba ta zuwa, sai ranar da aiki ya yi yawa. Ranar da aiki ya yi yawa alluna nawa ke kan suwic ɗaya? Don Allah ka jona biyu ka buga printenv ethaddr a kowanne. Masu sayar da alluna da dama sukan bar fis ɗin cikin furosesa da ake ƙona adireshin MAC, sunan allo a kan kebul, babu komai, su kafe adireshi guda a env na asali, sai kowane allo ya fito da suna ɗaya. Suwic yana tuna ramin da ya ji adireshi na ƙarshe ne, don haka fakitin wannan sai ya tafi wurin wancan. TFTP kuma ba ya tura gaba sai an amsa masa na baya, to ka ga inda T ke fitowa.

In haka ne, kada ka yi saurin ƙona fis, domin fuse prog ba ya gogewa. Kuna iya ƙirƙiro adireshi daga lambar shaidar da kowane i.MX6ULL ke da ita, ku fara shi da 02, alamar adireshin cikin gida. Ko in za ku sake zanen allo, akwai 'yar EEPROM 24AA02E48 da ke zuwa da adireshinta na kanta. CONFIG_NET_RANDOM_ETHADDR yana fitar da kai a teburin gwaji, amma adireshin zai riƙa canjawa duk tashi, saba ta DHCP ta yi ta raba sababbin lambobi.

In kuwa adireshin sun bambanta, rage tftpblocksize daga 1468 zuwa 512 ka gani ko halin zai canja.

Ɗan Jekadafari:

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Adireshi ɗaya ne a duk allunan da ke kan tebur, har da waɗanda ke cikin kwali. Na ba su daban-daban da setenv -f, an zuba manhaja a jere ba T ko ɗaya.

Baba, na bi zanen. nRST tana zuwa GPIO, amma kod ɗinsu yana jan ta ne tun a board_early_init_f, agogon kuma sai can baya ake kunna shi. Da na kama shi a ranar ƙin tashi, mii info bai nuna komai ba. Na yi diff ɗin ma, kuma akwai wani abu da ban gane ba: sun cire jikin fec_halt kusan gaba ɗaya.

Yaya Mai Sola, maganarka ta shiga. Waɗanda ke ƙauye ba zan taɓa butlodansu ba. Amma akwai sabon kaya da ke tafe bayan sallah.

Baban Khalifa, Bauchi:

To ai kun raba gardamar da kanku. Na ƙauye a bar su, tunda ba sa amfani da kebul a can. Tsohon reshe a yi masa layi biyar ɗin Mai Sola saboda waɗanda za a dawo da su gyara. Sabon kaya ya fito da sabon U-Boot. Gwajin kuma ba ya buƙatar ka rubuta komai a NAND: sa allon a yanayin saukarwa ta USB, ka tura sabon butloda cikin RAM da manhajar uuu daga kwamfuta, in ya ƙi ka cire wuta ka mayar.

Fec_halt ɗin nan mayar da shi yau, har a tsohon. Ina zaton sun cire shi ne don kada haɗi ya riƙa faɗuwa tsakanin umarni da umarni. Amma shi ke tsayar da DMA kafin a miƙa wa Linux ragama. In bai tsaya ba, duk fakitin da ya shigo a wannan tsakanin zai sauka a RAM ɗin da Linux ya riga ya ɗauka nasa ne, ka samu faɗuwar da ba za ka taɓa danganta ta da Ethernet ba.

U-Boot na fita sau huɗu a shekara, Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Ba sai ka bi kowacce ba. Zaɓi ɗaya a shekara, ka ɗora 'yan canje-canjenka a kanta, kowanne da bayanin dalilinsa. Ka haɗa rile da zai riƙa yanke wa allo wuta yana mayarwa cikin dare, kowane tashi a yi dhcp, tftpboot, a gwada crc32, lambar tantance fayil, da ta fayil ɗin da ke kan kwamfutar da ta turo shi. In sabuwar fitowa ta karya wani abu, git bisect zai kai ka kan canjin. Tun v2025.01 ma akwai zaɓin lwIP a madadin tsohon kod ɗin sadarwa, kuma ta eth_ops ɗin nan yake magana da direbobi, don haka wanda ya tsaya a kan tsari bai da abin sakewa.

In ka samu gyara na gaske a fec_mxc.c, wuce da shi ta scripts/checkpatch.pl, scripts/get_maintainer.pl ya nuna maka wanda za ka aika wa. Turo mini dts ɗin tukuna in duba lambobin riset ɗin kafin ka gina.