Neman kalma: me za mu kira "receptor" da Hausa?

Jama'a, ina shirya darasi kan yadda asetilkolin, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, ke aiki a jiki, sai na cije a kan kalma ɗaya: receptor, wato furotin ɗin da ke karɓar wannan saƙo a jikin ƙwayar halitta. Masu cewa a rubuta "risefta" a huta, na ji ku, amma ku ɗan saurara.

Wani ɗan'uwa ya kawo "ƙofa". Receptor ɗin asetilkolin kashi biyu ne, na nikotin da na muskarin. Da na nikotin kaɗai muke magana, da na yarda, domin shi kafa ce ta gaske: asetilkolin na taɓa shi sai ya buɗe, sodiyam ya kwarara cikin ƙwayar halitta nan take. Na muskarin fa? Ko kusa. Furotin ne da ya ratsa fatar ƙwayar sau 7, kansa a waje, jelarsa a ciki. Asetilkolin yana maƙalewa ta waje, ba ya shiga. Surar furotin ɗin ce ke ɗan sauyawa, sai furotin G, mai isar da saƙon, da ke manne ta ciki ya saki sinadarin GDP ya kama sinadarin GTP, ya rabu gida biyu, kowane ɓangare ya kama gabansa. Ƙofar da ba a shiga ta cikinta, ina amfanin sunan?

Tun 1914 masanin kimiyya Henry Dale ya bambanta waɗannan ayyuka biyu, na nikotin da na muskarin. Sunan muskarin kuwa daga wata laimar kwaɗi ya fito, Amanita muscaria, wadda aka ciro gubar muskarin daga jikinta a 1869.

Wata Malama mai koyar da haɗa magunguna ta ce "ma'amshi", tunda amsa a Hausa tana nufin karɓa, tana kuma nufin mayar da jawabi. Wallahi sai da na kwana ina juya ta, don ta yi mini daɗi. Abin da ya hana ni, Malama, shi ne kunnen Bahaushe zai tafi ga amshi, wato maimaita abin da aka faɗa. Su kuwa waɗannan na muskarin ba sa maimaitawa. Iri biyar ne, M1 zuwa M5, saƙo ɗaya suke samu, amma kowa da abin da yake yi da shi. M1 da M3 da M5 suna bi ta Gq, wani nau'in furotin G: a tayar da wani furotin mai suna fosfolifes C, ya tsaga wani kitse na fatar ƙwayar ya zama sinadarai biyu, IP3 da DAG, IP3 ya buɗe ma'ajiyar kalsiyam. Daga nan yawu ya zubo, baƙin ido ya tsuke, mafitsara ta matse, akasari aikin M3. M2 da M4 kuma ta Gi suke bi, wani nau'in furotin G ɗin daban, su rage cAMP, wani sinadarin kai saƙo a cikin ƙwayar. A zuciya, ɓangaren furotin G ɗin da ya ɓalle yana buɗe kafar fotasiyam, bugu ya lafa. Wannan lafawar masanin kimiyya Otto Loewi ya gani a zuciyar kwaɗo a 1921.

Ni dai na tsaya a kan "makarɓi". Gininta irin na mabuɗi da makulli ne, kuma jam'inta zai raba gardama: makarɓai, kamar mabuɗai, don a san kayan aiki ake nufi, makarɓa kuwa mutane ne. Wanda ya ce karɓa ai shigarwa ce, to mai karɓar saƙo ba ya haɗiye ɗan aike.

Su IP3 da cAMP kuma, maimakon "ɗan aike na biyu" da Turanci ke ja mu gare shi, na fi son "'yan aiken ciki", tunda abin da ya raba su da asetilkolin shi ne wurin da suke kai-komo.

Na gwada su a jimla: "Maganin atirofin yana toshe makarɓan muskarin, shi ya sa baki ke bushewa, zuciya ta ƙara gudu." Ba ta yi mini tuntuɓe a harshe ba. Furotin G kam na bar shi da sunansa, sai in wani yana da abin da ya fi.