Kwalbatinmu ya shekara biyu a kasafin ƙaramar hukuma, ta ina za mu bi sawun kuɗin?

Ɗan Gunduma:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka san aikin baitulmalin ƙaramar hukuma su haska mana. A gundumarmu, nan gefen Kaduna, akwai kwalbati ɗaya da ke haɗa unguwa da makarantar firamare. Damina biyu ke nan ruwa yana cin gefensa. Da ruwan Agusta ya sauka sai yara su zagaya ta bakin titi, mai Keke Napep kuwa ba ya ma gwadawa. Kansilanmu ya ce an sa shi a kasafin bara, an sake sa shi bana tare da burtsatse ɗaya, amma har yau ko tifar yashi ba a sauke ba. In ƙungiyarmu ta je sakateriya sai a ce kuɗi bai zo ba, alhali muna ji a rediyo kason ƙananan hukumomi ya ƙaru. Wace takarda za mu nema, kuma a hannun wa, don mu san gaskiyar inda aikin ya maƙale?

Baba Ma'aji:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kasafi ƙiyasi ne. Ganin aiki a cikinsa izini ne majalisar kansiloli ta bayar cewa in kuɗi ya shigo ana iya kashe har kaza a kan wannan aikin. Daga nan zuwa ranar da ɗan kwangila zai ji alat akwai zango biyar ko shida, kuma kowane zango yana barin takarda. Ita za ku bi.

Ku fara da kundin kasafin da aka amince da shi, wanda ciyaman ya sa wa hannu. Kada ku yarda da daftari, don abubuwa da yawa suna faɗuwa tsakanin daftari da kundin ƙarshe. Ku nemo layin kwalbatin: lambarsa, sunan wurin, da adadin kuɗin. A nan yawancin unguwanni ke shan mamaki. Sai ka ga an rubuta "gina kwalbatoci a sassan ƙaramar hukuma" da dunƙulallen adadi, babu sunan gunduma ko ɗaya. Irin wannan layin kowane kansila zai iya rantsuwa nasa ne, kuma ba wanda ya yi ƙarya, amma wanda ya fi kusa da ciyaman shi ke samu.

In sunan unguwarku yana nan ɓaro-ɓaro, sai a duba sashen ayyuka. Shi ke rubuta takardar neman izinin fara aiki, da kiyasin injiniya a maƙale. Takardar tana zuwa gaban kwamitin kuɗi da ciyaman ke jagoranta, kuma duk abin da aka zartar yana cikin rubutaccen bayanin zaman. In kwalbatinku bai taɓa fitowa a wannan bayanin ba, to ba maganar rashin kuɗi ba ce tukuna, ba a ma tayar da fayil ɗin ba.

Sai littafin kashe kuɗi na sashe. Kowane kaso yana da shafinsa: abin da aka ware, abin da aka ci daga ciki, ranar da aka ci, lambar bauca, wato takardar biyan kuɗi, da abin da ya rage. Wannan littafin ba ya ɓoye komai in ana cika shi yadda ya kamata. In ya nuna an cire kuɗi daga kason kwalbati alhali babu aiki a ƙasa, ku riƙe lambar baucar. Bauca ba ta tafiya ita kaɗai: dole a samu takardar ba da kwangila, takardar shaidar injiniya cewa aiki ya kai matakin biya, tambarin odita na cikin gida wanda ya duba kafin a biya, da sa hannun ma'aji. A ƙa'ida ciyaman yana ba da izini ne, ma'aikata ke sa hannu a biya, don kada mutum ɗaya ya riƙe wuƙa da nama.

Inda ake yawan ɓarna wuri uku ne. Ana ɗauke kuɗi daga kason aiki a kai kason tafiye-tafiye ko tsaro ba tare da an koma majalisa ta amince ba. Ana ba ma'aikaci kuɗi a hannu da sunan aikin da sashe zai yi da kansa, shekara ta ƙare bai kawo rasit ba. Ana kuma tsinka kwangila ɗaya gida uku ko huɗu don kowace ta tsaya ƙasa da adadin da zai tilasta a yi tallar neman 'yan kwangila. A Yunin 2019 hukumar NFIU, mai sa ido kan zirga-zirgar kuɗi, ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana, saboda haka babban biya ta banki yake bi, kuma bayanin banki yana nuna sunan wanda ya karɓa.

Hajiya Akanta:

Baba ya yi bayanin fitar kuɗi, Allah ya ƙara girma. Ni ta ƙofar shigowa zan duba, domin maganar "kuɗi bai zo ba" wani lokaci gaskiya ce, kuma ana iya auna ta da alƙalami.

Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin VAT. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna fitar da abin da kowace ta samu wata-wata, har da 23 ɗinmu na Kaduna, kuma yana intanet. Amma wannan adadin na sama ne. Kafin a yi maganar kwalbati sai an fitar da albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya a matakin farko, na ma'aikatan sakateriya, fansho, kason masarautu, da alawus na masu muƙaman siyasa. A ce, misali kawai, ƙaramar hukuma ta samu miliyan 400 a wata, waɗannan suka ci 310, man janareta da takarda da sauran hidimar ofis suka ci 40. Saura 50 ga gundumomi goma ko sha ɗaya. Kuma duk ƙarin albashi, kamar mafi ƙarancin naira 72,000 da Gwamna Uba Sani ya amince da shi a ƙarshen 2024, daga tukunya ɗaya yake fitowa.

Don haka ku nemi lambobi biyu na kowane wata: abin da aka turo daga Abuja, da abin da ya sauka a asusun ƙaramar hukumar. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ake rigima a kanta shekara da shekaru, saboda sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan su kai tsaye, ta kuma haramta shugabannin riƙo. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa bayan hukuncin. Ko an aiwatar gaba ɗaya, malamin firamare sai an biya shi, kada kowa ya zaci duka kuɗin zai koma kwalta da burtsatse.

Abin da ya fi damuna shi ne kumbura kuɗin shiga na cikin gida. Za a rubuta cewa kasuwa da tasha da kwata da lasisin shaguna za su kawo adadin da ba su taɓa kawo rabinsa ba, don kasafi ya daidaita a takarda kowane kansila ya ga aikinsa a ciki. Giɓin ba ya taɓa albashi, ayyukan raya ƙasa yake ci. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ɗauki abin da aka tara a zahiri shekara uku baya, ka kwatanta da ƙiyasin bana. Dokar haraji ta jihar Kaduna ta 2016 ta hana karɓar tsabar kuɗi a hannu, ta ɗora tara haraji a kan KADIRS, hukumar tara haraji ta jihar. Duk mai rumfar da aka karɓi kuɗinsa aka ba shi guntun tikiti marar lamba, ya sani kuɗin nan da wuya ya ga asusun gwamnati.

Injiniyan Ƙauye:

Yaya Ɗan Gunduma, akwai abin da ba a taɓo ba. Kiyasin da aka yi shekara biyu baya ba zai gina wannan kwalbatin yau ba. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 siminti da rodi da dakon tifa duk sun tashi. In aka kwafo adadin bara aka liƙa a kasafin bana, ɗan kwangilar kirki zai ƙi karɓa, wanda ya karɓa kuma a cikin kankare zai fanshe. Ku tambaya ko an sabunta kiyasin.

In aiki ya fara, ku nemi kwafin takardar da ta jera kayan aiki da adadinsu, ku sa mutum biyu a wurin. Kankaren kwalbati na haɗin 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, yana cin kusan buhu shida na siminti mai kilo 50 a kowace mita mai kusurwa huɗu da zurfi, wato kubik mita ɗaya. Ku ƙirga buhunan da aka buɗe. Ku auna kaurin rodi da tazararsa kafin a zuba, don bayan an zuba ba mai gani. A riƙa shayar da kankaren ruwa aƙalla kwana bakwai, kuma kada babbar mota ta hau kafin kwana 28. Fukafukan gefe da ke tare ƙasa su ne ake yawan tsallakewa, kuma ta nan ruwa ke fara ci.

Burtsatse kuwa, ƙasarmu ta Kaduna dutse ne a ƙarƙashi, ruwa a tsagar dutse yake. Dole a yi binciken wuri kafin haƙa, a kuma gwada yawan ruwa da famfo bayan an gama. Wanda aka haƙa a Satumba yana iya ba da ruwa sosai, ya ƙafe a Maris. Tunda da mita ake biya, ku ƙirga bututun da aka zura.

Kuɗin kafin alƙalami ba a ba da shi sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. A ƙarshe kuma ana riƙe wani kaso, galibi kashi biyar, har wata shida don gyaran abin da ya lalace. Kada mai unguwa ko shugaban ƙungiyarku ya sa hannu a takardar karɓar aiki sai kun gani da idonku.

Ɗan Gunduma:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To Baba, in mun je suka ce waɗannan takardun sirrin gwamnati ne fa?

Baba Ma'aji:

Kada ku je da baki. Ku rubuta wasiƙa da sunan ƙungiya zuwa ga ciyaman, ku kafa hujja da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ku ambaci abu uku kawai: shafin kasafin da kwalbatin yake, abin da aka saki a kansa zuwa yau, da sunan kamfanin in an bayar. Wasiƙa mai tambaya ashirin cikin durowa take kwana. Ku kai kwafi biyu, a buga muku tambarin karɓa da kwanan wata a ɗaya.

In shiru ya yi yawa, ku aika kwafi ga Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙananan Hukumomi na jiha. Rahotonsa na shekara yana zuwa gaban kwamitin binciken asusun gwamnati na Majalisar Dokoki a Lugard Hall, kuma ɗan majalisarku yana iya tayar da maganar a can. Shi ma kansilanku yana da ikon neman a kira ma'aji gaban majalisa ya yi bayani, ku ce ya gabatar da buƙatar a rubuce ta shiga bayanin zama.

Na ɗan saɓa da Hajiya a wuri ɗaya. Ko saura miliyan 50 ne, wani ne yake zaɓar inda za su tafi, kuma ana yin zaɓin ne tun lokacin haɗa kasafi, wajen ƙarshen damina zuwa Disamba. Kaduna tana da tsarin da al'umma ke rubuta buƙatunsu bisa fifiko gunduma-gunduma, wanda ake kira CDC. Ku halarci zaman gundumarku, ku sa kwalbatin a lamba ɗaya, da sunan unguwa da sunan makarantar, ku haɗa da hoton da kuka ɗauka ranar da ruwa ya cika shi.