Farautar farin beyar a ƙasar ƙanƙara: a haramta ko a bar su?

Abban Hanif: Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi raina a ɓace yake shi ya sa na kawo maganar nan. Wani bidiyo na gani na can ƙuryar arewacin Kanada inda teku ke daskarewa, wasu ƙauyawa sun harbe farin beyar, wannan ƙatuwar dabbar ta ƙanƙara, suna feɗe shi yara na tsaye suna kallo ko a jikinsu. Dabbar da masana suka ƙiyasta duk duniya wajen 26,000 ta rage, ga ɗumamar yanayi na narkar da ƙanƙarar da take farauta a kai, sannan a ce har yau doka ta yarda a kashe ta? Rasha ta hana tun 1956, Norwe ta hana a 1973, me Kanada take jira?

Ɗan Maharba: Wa alaikumus salam. Malam kafin mu je ga beyar ɗin, su waye "ƙauyawa"? Mutanen nan suna da suna, Inuit ake ce musu, kuma suna zaune a bakin tekun nan tun kafin Bature ya san akwai wurin. Ka janye kalmar nan dan Allah.

Abban Hanif: Toh ba a ƙauye suke zaune ba? Wanda ke ƙauye ai baƙauye ne, meye na zagi a ciki

Maman Ilham: Haba Abban Hanif, kai ma ka san idan ɗan birni ya ce baƙauye ba wurin kwana yake nufi ba. Mu da aka haifa a karkara mun sha jin ta a makaranta, da ka yi kuskure kaɗan sai a ce baƙauyiya, alhali hatsin da ake tuƙa tuwo da shi a gidajenku daga hannun iyayenmu ya fito.

Na Fagge: An fara kenan. Kullum aka yi magana sai an mayar da ita birni da ƙauye. Mutum ya kawo batun dabba mai ƙarewa kun bar dabbar kun kama bakinsa.

Maman Ilham: Da ganin sunanka ai an san inda za ka tsaya.

Yaya Na Kanada: Ku tsaya in ɗan yi bayani tunda ƙasar nake zaune. Ba haka kawai mutum ke ɗaukar bindiga ya fita ba. A 1973 ƙasashe biyar da ke da dabbar, Kanada, Amurka, Norwe, Denmak saboda Girinlan, da Tarayyar Sobiyet, suka sa hannu a yarjejeniya a birnin Oslo, suka hana farauta da jirgin sama da manyan jiragen ruwa amma suka bar wa mutanen wurin farautarsu ta gado. A Nunavut, yankin Inuit da ke arewacin Kanada, kowane gari ana ba shi adadin da zai kashe a shekara, ƙungiyar maharban garin ce ke raba takardar izini, ba a taɓa macen da ke tare da 'ya'ya ko wadda ke cikin raminta, kuma ko don kare kai aka kashe sai an lissafa shi cikin kason garin. Maganar Norwe kuma, tsibiran Svalbard inda beyar ɗinsu yake babu wata ƙabilar asali da ke rayuwa da farauta a can, don haka hanawar ba ta raba kowa da abincinsa ba.

Na Fagge: Yaya da girmanka, kai fa a Toronto kake. Daga Toronto zuwa Iqaluit, babban birnin Nunavut, ya ninka Kano zuwa Legas fiye da sau biyu, ko titin mota babu. Zama a Kanada bai sa ka zama ɗan can ba.

Yaya Na Kanada: Ban ce ni ɗan can ba ne, amma abin da na faɗa ka nuna min ƙarya ɗaya a ciki. Kuma rashin titin da ka ambata shi ne ma hujjata, komai na kanti da jirgin sama yake zuwa ko jirgin ruwa lokacin da ƙanƙara ta narke, tsadar abinci a garuruwan nan sai wanda ya gani, ba noma ba kiwo, toh in ka hana mutum farauta me zai ba iyalinsa?

Ustaz Ƙarami: Ni abin da ya fi damuna cin naman. Hadisi ingantacce ya hana cin duk dabba mai fiƙa daga cikin masu farauta, beyar kuwa nama yake ci.

Malam Babba: Ɗana a yi a hankali da fatawa. Mashhurin zance a Malikiyya makaruhi ne ba haramun ba, sauran mazhabobi ne suka tafi a kan haramci. Sannan mutanen nan galibinsu ba Musulmi ba ne, wace fatawa kake ba su?

Ustaz Ƙarami: Allah gafarta Malam, idan hadisi ya inganta ai ba a ajiye shi a ɗauki maganar mazhaba.

Malam Babba: Su malaman mazhabar ba su ga hadisin ba sai kai? Irin wannan gaggawar ce ke sa yara raina magabata.

Ɗalibar Kimiyya: Dan Allah iyayena a dawo kan magana. Abban Hanif bai kyauta ba da kalmarsa amma damuwarsa tana da tushe. A yammacin tekun Hudson na Kanada ƙidayar beyar ta 2016 ta ba da 842, ta 2021 ta ba da 618, wannan raguwa ce babba cikin shekara biyar. Beyar a kan ƙanƙara yake kama dabbar ruwan nan sil da yake ci, in ƙanƙara ta narke da wuri sai ya daɗe a tudu da yunwa. Ba maharba ne suka jawo haka ba amma in dabba tana raguwa dole a sake duba adadin da ake kashewa a wannan yankin.

Ɗan Maharba: Ƙanwata su Inuit ɗin cewa suke beyar ya yi musu yawa a gari. A 2018 kusa da garin Arviat a Nunavut beyar ya kashe wani magidanci da ya tsaya tsakaninsa da 'ya'yansa, a shekarar kuma wani beyar ya kashe wani maharbi wajen garin Naujaat. Wanda ke kwana da abu a bayan ɗakinsa da wanda ya zo ya ƙirga daga jirgin sama ya koma, wa ya fi sani? Ni gidan farauta na tashi, maharbi na gaskiya bai taɓa son dawa ta ƙare ba don ita ce gonarsa.

Ɗalibar Kimiyya: Yaya yawan ganinsu a gari yana iya zama yunwa ce ta koro su, ba yawa suka yi ba.

Abban Hanif: Toh na ji abinci. Turawa masu kuɗi da ke biyan dubban daloli su zo su harbe don su shimfiɗa fatar a falo fa, su ma yunwa ce? Kanada kaɗai ke yarda da wannan, ita kanta Amurka tun 2008 ta hana shigo da fatar.

Yaya Na Kanada: Daga cikin kason garin ake cire wannan, ba ƙari ba ne, kuma dole baƙon ya fita da ɗan gari a keken karnuka, kuɗin ya shiga hannun mutanen garin.

Maman Ilham: Har yanzu dai bai janye "ƙauyawa" ba, kuna ta biye masa.

Abban Hanif: Hajiya ba zan janye ba don ban zagi kowa ba, kakana ma a ƙauye aka binne shi.

Maman Ilham: Allah ya jiƙansa, da yana raye da shi zai fara ja maka kunne.

Na Fagge: A bar sa matattu cikin musu dan Allah, wannan ya wuce gona da iri.

Shugaban Zaure: Toh jama'a dare ya yi zan rufe. Abin da muhawara ta nuna shi ne kusan kowa ya yarda farautar Inuit halastacciya ce bisa doka da tsari, kuma masu kiran a haramta ba su kawo wata hujja ba sai tausayin bidiyo. An kuma tabbatar kalmar "ƙauyawa" raini ce ga mutanen karkara, mu da muka fito daga can mun ji zafinta, muna jiran Abban Hanif ya ba da haƙuri. Batun cin naman Malam Babba ya riga ya warware shi. Na Fagge a rage zafi.

Ɗalibar Kimiyya: Shugaba alƙaluman da na kawo na 842 da 618 fa, ban ga ka ambace su ba.

Ustaz Ƙarami: Ni ma ban yarda an warware ba.

Shugaban Zaure: An rufe, duk mai sauran magana ya same ni ta akwatin sirri.