Hannuna na mutuwa da dare, likita ya ce sai tiyata

Uwar Biyu: Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah a ba ni shawara, kaina ya kulle. Kitso nake yi a gida, da shi nake tallafa wa maigidan tun da kasuwarsa ta ja baya. Ga ƙanwarsa a wurinmu, bikinta bayan Sallah, kuma ni na yi alkawarin kayan kicin da bakina, adashin da nake jira ma sai ƙarshen wata. Tun cikin ƴan biyu hannuna na dama yake minjirya, yanzu sai ya tashe ni cikin dare ya mutu murus, sai na yi ta yarfe shi. Jiya tsinken tsaga ya faɗi daga hannuna a gaban wadda nake yi wa kitso ban ji ba. Likita ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, za a yanka wani tantani a sake ta. Ni tsorona kar a yanke abin da ke riƙe da hannun. Tausa ba za ta sassauta shi ba?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Ƴata, sanyi ne. Kar ki yarda a sa miki wuƙa. Ki samu man zaitun da habbatus sauda ki riƙa murzawa, a yi miki ƙaho.

Maman Yara: Allah ya ba ki lafiya. Amma ke ma da ɗaukar wa kai. Ni da na yi wa dangin miji kayan ɗaki, ko sannu ban samu ba, har yau uwarsu ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Anti Mai Gashin Ƙashi: Hajiya, ki gafarce ni, wannan ba sanyi ba ne, aikina ke nan kullum. Uwar Biyu, buɗe tafinki ki dubi gindinsa. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne a wuyan hannu, sun yi kwari, wannan tantanin kuma ya rufe samansu daga gefen babban yatsa zuwa gefen ƙaramin, kamar murfin kwalbati. Ta ƙarƙashinsa jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, ta goma ita ce mai kai ji zuwa babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na zobe. Ƙasa ƙashi, sama tantani mai tauri wanda zarensa ya kwanta a gicciye, ba ya miƙewa. In ciki ya kumbura babu inda zai buɗa, mai laushin cikinsu ita ke shan matsa. Man da za ki shafa iyakarsa fata, murza da ƙarfi ma ƙara danne jijiyar yake. Ki ba ni amsa: ƙaramin yatsanki na mutuwa? An auna miki suga? Tudun naman gindin babban yatsa ya fara lotsawa?

Uwar Biyu: Anti, ƙaramin lafiyarsa ƙalau. Naman kam ya ɗan faɗa, amma ai duk jikina na rame.

Anti Mai Gashin Ƙashi: To kin gani, ƙaramin wata jijiyar ce daban take ba shi ji, ba ta bi ta wannan hanyar. Ki haɗa hannayen biyu ki gwada, rama ba ta zaɓar hannu ɗaya. Da a farko ne, sai in ce ki sayi abin ɗaure wuyan hannu mai ƙarfe a ciki ki riƙa kwana da shi, don a barci muke lanƙwashe hannu. Ko a yi miki allurar rage kumburi a wurin, ita ma sau da yawa ciwon kan dawo bayan watanni. Amma in naman ya fara tafiya, jinkiri na iya sa ko an yi aikin ƙarfin bai dawo duka ba. Ki nemi gwajin da ake yi wa jijiya da lantarki. In kina Kano ki je asibitin ƙashi na Dala.

Ƴar Damagaram: Ni nawa da ciki ya zo, ina haihuwa ya tafi da kansa. Ki ƙara haƙuri.

Hajiya Babba: Maƙwabciyata an yi mata, ta yi wata da watanni ba ta iya matse wanki. Ku dai ƴan asibiti komai yanka.

Anti Mai Gashin Ƙashi: Wannan gaskiya ne Hajiya, kuma sananne ne. Tantanin yana da aikinsa, shi ke tokare jijiyoyin yatsu, wasu tsokokin babban yatsa ma a jikinsa suka kafu. In an raba shi, damƙa takan yi rauni, gefe biyu na gindin tafi su yi ta tsami na makonni ko watanni. Amma ƙasusuwan ba sa watsewa, akwai wasu jijiyoyin da ke ɗaure da su, tantanin kuma yana haɗewa da tabo, ya ƙara tsawo, wurin ya yi faɗi. Hannun kawai ake yi wa allurar kashe zafi, yawanci ranar ake komawa gida. Ƴar Damagaram, ita fa ta haihu tuni.

Uwar Biyu: Na gode Anti, amma ba ki gane ba. Kitson Sallah shi ne kakarmu. In na ajiye hannu yanzu, masu zuwa wurina su koma wani gida, wa zai dawo min da su? Abin ɗaurewar ma na taɓa saya, zafi yake sa ni, na cire. Ni ba ƙin aikin na yi ba, lokacin ne bai yi ba.

Maman Yara: Ita amaryar ba ta da hannu ne? Ta zauna ta koyi kitson mana.

Anti Mai Gashin Ƙashi: Har yanzu ba ki ce komai kan suga ba. Masu ciwon suga sun fi kamuwa da wannan.

Uwar Biyu: Zan duba in Allah ya yarda, bari a wuce bikin tukuna. Hajiya, ƙahon a bayan hannu ake yi ko a kafaɗa?