Wane inji zan ɗora wa ƙaramin jirgi mai kujera biyu in ba Rotax 912 ba?

Mai_Haɗi: Assalamu alaikum. Jirgin da ake magana a kai mai kujera biyu ne, irin wanda ake sayen sassansa a haɗa da hannu, an tsara shi don tashi a gajeren fili, kuma yana son inji mai ƙarfin doki kamar 100. Kowa Rotax 912 ULS yake nuna mini, sai dai tsadarsa ta yi yawa. Ina duba Jabiru, ULPower, injin motar Volkswagen ko ta Corvair da aka juya ya zama na jirgi, da kuma injin mota na zamani. Malamai, wanne ne zai iya maye gurbinsa ba tare da an yi da-na-sani ba?

Injiniya_Farfela: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin ka dubi ƙarfin dokin da ke jikin takarda, dubi gudun farfela. Rotax 912 ULS yana kaiwa zagaye 5,800 a minti, amma giyarsa mai rage gudu sau 2.43 tana sauko da farfela zuwa kusan 2,400. Wannan ne ke ba ka damar ɗaura doguwar farfela, inci 68 zuwa 70, wadda ke ɗibar iska da yawa tun jirgi bai yi gudu ba. Jabiru da ULPower ba su da giya, farfela a kan karanshaf take kai tsaye, kuma sai a zagaye 3,300 suke ba da cikakken ƙarfinsu. A wannan gudun dole farfela ta gajarta, in ba haka ba bakinta zai doshi saurin sauti, ƙara ta yi yawa, turi ya ragu. Ga jirgi siriri mai gudu wannan ba damuwa ba ce. Ga naka mai tashi a gajeren fili kuwa, za ka ji bambancin tun a gudun tashi.

Shi ya sa in za ka ɗauki marar giya, ka ɗauki wanda ya fi girma: Jabiru 3300 mai silinda shida da doki 120, ko UL350iS na ULPower mai doki 130. Dukansu iska ce ke sanyaya su, don haka ka sa ma'aunin zafi a kan kowace silinda, ba guda ɗaya ba. Silindojin baya ne suka fi ɗaukar zafi idan farantan da ke karkatar da iska ba su like da murfin inji ba. A ƙarshen 2014 CASA, hukumar kula da lafiyar sufurin jiragen sama ta Ostareliya, ta taƙaita aiki da injinan Jabiru saboda yawan mutuwarsu a sama, ta sassauta a 2016. In tsoho za ka saya, tambayi wane zubi ne, kuma an yi masa gyare-gyaren da kamfani ya umarta ko a'a.

Bakanike_Sama: Volkswagen ka cire shi daga lissafi. AeroVee, injin Volkswagen da aka juya, mai cc 2,180, doki 80 yake bayarwa a zagaye 3,400, kuma kan silindarsa ba ya iya zubar da zafin wannan ƙarfin na dogon lokaci. Ya dace da jirgi mara nauyi irin Sonex, ba mai manyan fuka-fuki da ke hawa a hankali ba.

Corvair ya fi shi dacewa: silinda shida, doki 100, laushin aiki. Amma ya haura kilo 100, kuma karanshaf ɗinsa ba don ɗaukar farfela aka ƙera shi ba. An sha samun karyewarsa, shi ya sa yanzu ake duba shi ko da tsaga, a ƙarfafa fatarsa da naitirojin, sannan a ƙara boris na biyar a gaba don ya ɗauke nauyin farfela. Kar ka tashi da wanda ba a yi masa wannan ba.

Kada kuma ka manta da Continental O-200 da ke cikin Cessna 150: doki 100 a zagaye 2,750, garambawul a awa 1,800, kayan gyara a wadace. Sai dai ka nemi littafin tarihinsa, ka auna bakin karanshaf ko farfela ta taɓa dukan ƙasa.

Mai_Haɗi: Na gode ƙwarai. To injin mota fa, irin na Honda ko Suzuki? Su ne suka fi sauƙin kuɗi.

Injiniya_Farfela: Injin kansa ba kasafai yake ba da matsala ba, abubuwan da ake rataya masa ne. Mota a kan hanya ɗan kaɗan take ci daga ƙarfin injinta, jirgi kuwa kashi 65 zuwa 75 yake ja awa bayan awa, don haka lagireto da hanyar iskarsa sai an tsara su da kyau, mashiga da mafita duka. Giyar rage gudu ita ce wurin haɗari: kowace fashewa a silinda tana fizgar karanshaf, farfela kuma da nauyinta tana turjewa, a wani gudun sai fizgar ta ninka kanta ta cinye haƙoran giya ko ta tsinke bel. Sayi giyar da aka gwada da wannan injin takamaimai. Sannan injin ba shi da maganeto, na'urar da ke ba fulogi wuta ba tare da batir ba, wuta na ɗaukewa ya mutu, saboda haka batir biyu, famfon mai biyu, kowanne da layinsa da makunninsa. Kwamfutar mota ta asali kuma tana rage ƙarfi da kanta idan wata na'urar awo ta lalace, abin da ba a so lokacin tashi.

Bakanike_Sama: Ka haɗa da lissafin nauyi, Malam. Auna inji da giya, lagireto, ruwa, baƙin mai, salansa, batir da mazauninsa gaba ɗaya, ka gwada da iyakar da mai zanen jirgin ya gindaya. A ce ya ɗara Rotax da kilo 25, yana zaune mita 1.2 gaban cibiyar nauyi: kilo 7.5 za ka ɗaure a jela mai nisan mita 4 kafin jirgi ya daidaita. Kilo 32 da ɗoriya ke nan sun fita daga man da za ka ɗauka ko fasinja. Mayar da batir can baya yana rage wannan asarar, amma sai ka ƙara kaurin wayar da ke zuwa sitata.