Rabin kuɗin a katin girafik, sauran a yi maneji?

Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na tara naira 800,000, ina so in haɗa kwamfutar tebur ta gem. Sikirin ina da shi, na 1080p, kibod da maus ma akwai. Abin da nake bugawa EA FC ne da GTA V da Warzone. Jiya Oga Maishago ya ce min in zuba fiye da rabin kuɗin a katin girafik, ko da na hannu ne, sauran kayan kuma duk wanda ya samu a saka. Na ce bari in kawo maganar nan a daddale kafin in taɓa ko kwabo, don gumin wata goma sha ɗaya ne.

Maishago: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ina nan kan bakana. Gem kati ne ke ɗaukarsa. Ka kawo babban furosesa Core i9 ka haɗa da ƙaramin kati GTX 1650, ni in kawo ɗan furosesa i3-12100F in haɗa da katin RX 6600, mu kunna kowane babban gem a 1080p. Wallahi ƙurata kawai za ka gani. Yara nawa suka zo shagona da furosesa mai tsadar tsiya da kati kamar na ofis, suna kukan gem na tsalle-tsalle? Kuɗinsu ya tafi inda ido ba ya gani.

Injiniya: Oga, rabin maganarka gaskiya ce, shi ya sa take da haɗari. A kan furosesa ba ni da ja sosai. Amma duba abin da yaron ya lissafa. Warzone ba EA FC ba ne, yana cin furosesa, musamman in mutane suka cika waje ɗaya. i3-12100F ƙwaya 4 (core, wato sassan da ke raba aiki) gare shi. Zai yi, amma in Auta ya buɗe Discord da burauza a gefe zai fara jin 'yar gargada. Ryzen 5 5600 ƙwaya 6 ne, yana da ma'ajiyar kusa (cache) ta 32MB, wat 65 aka rubuta masa, kuma sabo yana zuwa da fankarsa a kwali. Ya fito tun 2022, farashinsa ya sauka. Wannan shi ne maneji mai hankali. Inda muka raba gari shi ne "duk wanda ya samu".

Maishago: To ai ka dawo hanya. 5600 ɗin ma ba tsada ne da shi ba.

Injiniya: Ban dawo ba tukuna. Muna zuwa.

Maigyara: Ku ba ni wuri, don ni ake kawo wa gawar. Watan jiya wani matashi ya shigo da kwamfutarsa a rungume kamar jariri. Katin RTX 3060 ne a ciki, sati uku da haɗawa. Ina buɗe murfin warin ƙonannen roba ya doke ni. Na ciro pawa saflai ɗin, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, na ɗaga shi da yatsa biyu, ba nauyi ko kaɗan, kamar gwangwanin madara. A jikinsa an rubuta 650W da manyan baƙi. Na duba ƙananan rubutun ƙasa, layin 12V amfiya 20 ne kacal. Ku lissafa: 12 sau 20, wat 240 ke nan. Katin shi kaɗai yana jan wat 170, ga furosesa, ga fankoki. Ranar da aka kawo wuta da ƙarfi bayan ta yini tana lumshewa, pawar ta tafi, ta tafi da bod, wato allon da ake jona duk kayan a kai, ta tafi da katin. Abin da ya rage masa ram ne da akwati. Ya rage kuɗin da bai kai na man mashin na wata ba, ya binne rabin jarinsa.

Maishago: Allah ya mayar masa da alheri. Amma wannan ƙaddara ce, Malam. Na sayar da irin waɗannan pawa ba adadi, nawa ne suka dawo?

Maigyara: Ba wajenka suke dawowa ba, Oga. Wajena suke zuwa.

Malama: 😂 Maigyara ka ji tsoron Allah.

Maigyara: Gaskiya ce Malama. Auta ƙanena, ka riƙe wannan: furosesa da kati duk daga layin 12V suke sha. In ka ɗauki pawa, kada ka kalli babbar lambar, ka kalli abin da 12V ke bayarwa. Mai kyau za ka ga ya kusa kai lambar da ke jikinsa. Kuma tambarin 80 Plus Bronze da ake ɗoki, awon rashin ɓarnar wuta ne kawai, ba shaidar cewa yana da kariya daga hawa da saukar wuta ba. AMD ta ce wat 450 ya ishi RX 6600, Nvidia ta ce 550 ga RTX 3060. Saboda haka sabon 550 na kamfanin da aka sani, mai waranti, ya fi 750 na wanda ba ka taɓa jin sunansa ba. Ka nemi wanda aka rubuta yana karɓar 100 zuwa 240V, saboda irin wutarmu da ke zuwa rabi-rabi.

Kawu: Ni fa ban ga abin wahala ba. Ka je Farm Center ko ka aika Computer Village a samo maka tsohuwar Dell OptiPlex ta ofis, ka soka mata kati, shi ke nan. Haka na yi wa yarana. Sauran kuɗin ka sayi tunkiya.

Injiniya: Kawu ranka ya daɗe, dabara ce mai kyau ga wanda kuɗinsa bai kai rabin na Auta ba. Amma yawancinsu pawarsu ƙarama ce, ba ta da igiyar da babban kati ke buƙata, kuma mahaɗin wutar bod ɗin nasu ne na musamman, ba za ka canza da kowace pawa kai tsaye ba. Sai dai irin GTX 1650 mai wat 75. Sannan Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga Intel zubi na 8 yake farawa. Da yawa daga na kasuwa zubi na 4 ne zuwa na 7.

Kawu: To na janye. Amma tunkiyar tana nan.

Maishago: Mu dawo kan na hannu, don nan ne kuɗin yake. Kowa na tsoron katin da aka yi haƙar kirifto da shi. Tun da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina haƙa da kati ranar 15 ga Satumba 2022 aka zazzago su kasuwa kamar tumatir a kaka. Mutane na gudu, ni ina saye. Mai haƙa mai hankali rage wa kati wuta yake don kada kuɗin lantarki ya cinye ribarsa, kuma katin yana zaune a zafi ɗaya dare da rana. Na ɗan gem fa? Ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce, sau goma a yini. Wanne ya fi wahala?

Injiniya: A nan kam Oga yana da hujja. Ƙwaƙwalwar katin ba ta cika mutuwa saboda haƙa ba.

Maigyara: Ƙwaƙwalwar ba ta mutuwa, na yarda. Amma fankar da ta yi shekara biyu tana juyi ba hutu fa? Da ma'ajiyar katin, wadda ita haƙar Ethereum ta fi gasawa? In na buɗe irinsu, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar alli, 'yan katifun kan ma'ajiya sun yi mai sun narke. A ɗakin da ke da na'urar sanyaya zai lallaɓa. A ɗakin Auta, cikin Afrilu, rufin kwano, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe haƙoran ƙarfen? Sannan wasu an canza musu BIOS, wato manhajar da ke dashe cikin katin, don haƙa, ka sa manhajar direba ta ƙi zama. Ga kuma RX 580 da ake turowa sabo fil a kwali da araha. Ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka ga 2048SP, wato ƙananan ƙwayoyin aiki 2048. Asalin RX 580 na 2017 yana da 2304. Wannan ɗan uwan RX 570 ne aka sa masa babbar riga.

Maishago: Ni ba na sayar da wannan.

Maigyara: Ban ce kai ba, Oga. Na ce suna kasuwa.

Malama: Ni tambayata daban ce. Kuna ta RX 6600, ma'ajiyarsa 8GB ce fa. Tun 2023 da Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I suka fito a kwamfuta aka fara kuka da 8GB. Ina amfani da RTX 3060 mai 12GB, ina gem kuma ina haɗa bidiyon darussana a kai, ban taɓa jin ya shaƙe ba. Ƙarfinsu kusan ɗaya ne da 6600, amma yana da DLSS, dabarar Nvidia ta ƙara wa gem gudu. Sai dai Auta ka buɗe ido, akwai 3060 mai 8GB da suka fitar daga baya, suna ɗaya, amma ya fi rauni. Ka karanta kwali da kyau.

Injiniya: Malama, kukan na masu ƙure komai ne zuwa ultra. A 1080p, ka sauke ingancin zane mataki ɗaya, 8GB ya wadatar a wasannin da ya lissafa. GTA V tun 2015 yake a kwamfuta, ko rabin haka ba ya ci. In ya samu 3060 mai 12GB a farashi kusa da na 6600, ya ɗauka da gudu. In kuma bambancin zai ci kuɗin pawa, a'a.

Malama: Yau ne ya lissafa uku. Baɗi fa? Kwamfuta ba riga ba ce da za a canza da sallah.

Injiniya: Baɗi ya sayar ya ƙara kuɗi. Kati shi ne abin da ya fi sauƙin cirewa a cikin akwatin, noti biyu da igiya ɗaya.

Malama: Ya sayar da asara ke nan. Ban gamsu ba.

Ɗan Sola: Ba wanda ya yi maganar wuta ta ɓangaren aljihu. Mu da muke kan inbata lissafinmu daban ne. RX 580 wat 185, RTX 3060 wat 170, RX 6600 wat 132, RTX 4060 wat 115. Tsakanin na farko da na ƙarshe wat 70 ne, fankar sama guda ke nan tana juyi duk lokacin da kake gem. Auta, batirinka nawa ne?

Auta: Ba ni da inbata Yaya. NEPA ce da ƙaramin janareta.

Ɗan Sola: To ka cire kuɗin UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, a cikin 800,000 ɗin tun yanzu, kafin Oga ya raba maka rabi. Kwamfutar da ake zayyana maka da wuya ta haura wat 300 a gem, ka nemi wanda zai riƙe ta ko minti biyar ne ka kashe ta da hannunka. Kuma ka gwada shi da pawar kafin ka biya, wasu ƙananan UPS ba sa jituwa da pawa ta zamani, ana ɗauke wuta kwamfutar ke mutuwa kamar babu shi.

Maishago: Kun ga yadda kuke yagar kuɗin yaro? Wannan ya yagi na pawa, wannan na UPS, wannan furosesa. Ƙarshe ya tashi da RX 6500 XT yana kallon Warzone kamar majigi.

Injiniya: Allah ya kiyaye, wannan kam ko kyauta ya yi tunani. 4GB ne, layi 4 kawai na mahaɗinsa da bod yake amfani da su, a bod mai tsohon mahaɗi na PCIe 3.0 kuwa sai ya ƙara gurguncewa. Ga inda za a yi manejin da kake so, Oga: akwati mara fitilu amma mai raga a gaba, bod B450 ko B550 mai sauƙi, fankar da ta zo da furosesa, SSD na 500GB yanzu a ƙara daga baya. In B450 ne a tabbatar an sabunta BIOS ɗinsa, in ba haka ba 5600 ba zai tashi ba. Ram kuma 16GB, amma sanda biyu na 8GB, DDR4 3200, ba sanda ɗaya ba, kuma a shiga BIOS a kunna XMP domin ram ɗin ya yi cikakken gudunsa, don da yawa suna saye su bar shi yana tafiyar kunkuru. Sabon zubin bod na AM5 da ram na DDR5 a bar wa masu kuɗi tukuna. Abin da ya rage duka a zuba a kati. Zai iya kusan rabin, ban ƙi ba. Amma shi ne na ƙarshe a lissafi, ba na farko ba.

Maishago: Kusan rabi, fiye da rabi. Duk kanwar ja ce.

Maigyara: Ba ɗaya ba ne. Tsakaninsu ne pawar nan mai nauyin gwangwani take shiga.

Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na tsayar: 5600, B550 in kuɗi ya kai, ram sanda biyu, sabuwar pawa 550 da UPS, waɗannan sababbi. Kati kuma na hannu zan saya, 3060 mai 12GB in ya shiga lissafi, in bai shiga ba 6600. Malama ki yi haƙuri in 8GB ɗin ne ya samu. Oga, kana da su a ƙasa?

Maishago: Akwai duka biyun. Ka zo Asabar.

Maigyara: Zan rako shi. Ba za mu yi cinikin biri a sama ba. GPU-Z da FurMark, manhajar gwada ƙarfin kati, suna kan filashina, minti 30 za mu gasa shi a gabanka, mu ga zafin da zai kai, mu saurari fanka, mu duba ko sikirin zai yi ɗige-ɗige. Kuma ka rubuta masa a rasit, sati biyu in ya ba da matsala ya dawo da shi.

Maishago: Sati ɗaya.

Maigyara: Biyu, Oga. Kai ka ce katin haƙa ya fi lafiya.

Maishago: To biyu. Amma in babu wuta ranar, man janaretan gwajin ku za ku saya.