Shawarwarin masoya waƙoƙin turawa na shekarun 1980

Hira ta yi daɗi a majalisarmu ranar da wani yaro ya tambayi ta inda zai fara jin waƙoƙin zamanin kaset. Dattawan wurin suka yi caa, kowa da nasa.

Mafi yawansu sun ce ya fara da waƙoƙin haɗin gwiwa, domin a nan ake gane gwanin murya. Aka ambaci "Ebony and Ivory" ta Paul McCartney da Stevie Wonder a 1982, da "Under Pressure" ta ƙungiyar mawaƙa ta Queen da David Bowie a 1981. Wani malamin makaranta ya ce kada ya tsaya ga mawaƙi kawai, ya duba wanda ya tsara kiɗan. Quincy Jones ne ya tsara wa Michael Jackson faifan Thriller a 1982, kuma shi ya jagoranci ɗaukar "We Are the World" a 1985, wadda Jackson da Lionel Richie suka rubuta don tallafa wa masu fama da yunwa a Habasha. A ganina wannan shawarar ta fi sauran nauyi.

An kuma ja masa kunne kada ya ɗauka duk abota ce zalla. Jackson da McCartney sun yi waƙa tare, amma dangantakarsu ta yi sanyi bayan Jackson ya sayi haƙƙin mallakar yawancin waƙoƙin Beatles, tsohuwar ƙungiyar mawaƙa ta su McCartney, a 1985.

Game da tsofaffin kaset, aka ce a kwashe su a kwamfuta tun zaren bai tsinke ba, a kuma nisanta su daga zafin rana.